Eriyar ɓoye a kan babur: waya zalla ko mai busta?

Ɗan'uwanmu da ke kai kaya tsakanin Aboabo, Asawase da Kejetia a birnin Kumasi na Ghana ya kawo tambaya. Yana da babur ƙirar Boxer mai akwatin roba a baya, ya sa masa rediyo da sifika biyu, amma doguwar eriyar da yake ɗaurawa a kariya ba ta daɗewa: ko yaran unguwa su lanƙwasa ta, ko ta maƙale a jikin mota cikin cunkoso. Yanzu so yake ya sa wadda ido ba ya gani. Mai shago ya nuna masa wata 'yar ƙarama mai busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, mai wayarin kuma ya ce ya bari ya zura masa waya zalla ta cikin roba. Wacce zai ɗauka, ga shi kuma wani lokaci yakan fita gari ya je Ejura?

Ɗan'uwa, in dai yawonka na cikin Kumasi ne, ɗauki shawarar mai wayarin, amma da sharaɗin ya auna wayar, kuma kai za ka nuna masa inda zai sa ta. Mai busta tana da ranarta, zan zo kanta.

Mu fara da tsayi, don a nan eriyar ɓoye take yin asara tun kafin a kunna rediyo. Tashoshin FM suna zaune tsakanin 87.5 da 108 MHz, kuma zangon igiyarsu ya kai kusan mita 3. Eriya tana kamawa sosai idan tsayinta ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan zango. Shi ya sa eriyoyin tsoffin motoci suke kusan santimita 80, ba don ado ba. Lissafin ba wuya: raba 7500 da lambar tashar, abin da ya fito shi ne santimita. Zuria FM tana kan 88.7, ka ga tana son kusan 85 ke nan. Nhyira da ke kan 104.5 tana son kusan 72. Wayar da ke sanye da roba akan rage mata kaɗan. In ka yanka tsakanin 75 da 80 ka raba gardama, duka za su shigo, in kuma Zuria ce abokiyar hirarka daga safe zuwa magariba, tsaya a 80.

Waya zalla tana iya samun wannan tsayi cikakke, sai dai a lanƙwashe. Mai busta ba ta da shi sam. Abin da ke cikin kwalinta ɗan guntun ƙarfe ne ko zanen tagulla a kan ɗan allo, galibi bai fi taƙi ba, sai a haɗa masa na'urar da ke ƙara ƙarfin ɗan abin da ya kamo. Busta kuwa ba ta san tasha ba, ba ta san hayaniya ba, duk abin da aka miƙa mata ɗagawa take yi. Kamar lasifikar masallaci ce da aka ajiye makirfonta kusa da fanka: muryar liman ta ƙaru, kukan fanka ma ya ƙaru. A mota hayaniyar lantarkin inji tana can gaba a rufe cikin bonet na ƙarfe. A babur kana zaune a kanta. Koyil, wayar filogi, CDI (akwatin da ke sarrafa wutar filogi), duk ga su nan kamu biyu ko uku daga duk inda za ka ɓoye eriya.

Akwai kuma wata matsalar da mutane ba su cika ganewa ba. Kumasi cike take da tashoshi, kusan ko'ina ka murɗa sai ka ci karo da wata: Luv a 99.5, Angel a 96.1, Kessben a 93.3, ga wasu birjik. A cikin gari sigina ta riga ta yi ƙarfi. Idan ka ƙara mata busta mai arha, sai abin ya fi ƙarfin rediyon, ka ji tasha ɗaya tana fitowa a wurare biyu, ko wa'azi da tallar magani sun hau kan juna. Mai babur sai ya ce rediyon ce ta lalace, alhali ƙoshi ne ya yi mata yawa. Waya zalla ba ta yin wannan sai in ka tsaya a gindin turken wata tasha.

Yanzu maganar wuri, wadda a ganina ta fi duk wata maganar saye. Sigina tana ratsa roba da fayiba kamar babu su, ba ta ratsa ƙarfe. Eriyar da aka kwantar a jikin ƙarfen babur, ko aka cusa ƙarƙashin tanki, ko aka naɗe da sauran wayoyi, ta mutu, ko waya ce ko mai busta. Ƙarƙashin sirdi shi ne inda masu wayarin suka fi so saboda sauƙi, kuma shi ne mafi muni: ƙarfe ta ko'ina, batir a gefe, sannan jikinka da na fasinja a sama suna shanye ɗan abin da ya rage. Manyan baburan tafiya na Amurka da Japan suna da faffadar roba a gaba, a can ake ɓoye irin wannan eriya, kuma don su aka ƙera da yawa daga cikin masu bustar. Boxer ba shi da wannan gata. 'Yar robar da ke kan fitila ƙarama ce, bayanta kuma cunkus da wayoyi; murafun gefe suna manne da ƙarfe. Abin da kake da shi mai daraja shi ne akwatin baya: yana sama, roba ne, kuma ya fi ko'ina nisa da filogi.

Ga yadda za a yi ta. A sami wayar eriyar mota, mai zare ɗaya a tsakiya da saƙar ƙarfe kewaye da shi, a jawo ta daga rediyo zuwa akwati ta ɓangaren da babu koyil. A cikin akwatin a haɗa zaren tsakiya da waya mai santimita 75 zuwa 80, a haɗa saƙar da wata wayar mai irin wannan tsayi, ɗaya ta bi bango ta dama, ɗaya ta hagu, kusa da baki na sama, ba a gindi inda kariyar ƙarfe take ba. Kada kawunansu su haɗu a baya. In za a iya miƙar da wani sashe tsaye ya bi kusurwa ya hau murfi, ya fi. In akwatin ya yi ƙanƙanta, hannu ɗaya ya isa, sai a ɗaure saƙar da ƙarfen babur a inda aka kankare fenti. Awo yana farawa ne daga inda saƙa ta ƙare, ba daga bayan rediyo ba. Abin da ba a so shi ne a dunƙule wayar kamar zaren ɗinki don ta shiga lungu. Waya mai santimita 80 da aka dunƙule ba ta fi guntuwa ba.

Tun da kai mai kai kaya ne, duba cikin akwatinka. In irin na abinci ne mai shimfiɗar azurfa-azurfa don riƙe zafi, wannan shimfiɗa tana iya tare sigina. A nan sai wayar ta bi ta waje, ƙarƙashin leɓen murfi, a rufe ta da baƙin salatif. Tukwane, kwanuka da kayan gyara in sun cika akwati su ma za ka ji bambanci, wannan sai haƙuri.

Wajen wuta, waya zalla ba ta cin komai. Mai busta tana son volt 12, kuma a nan ake kashe batir. Mai wayarin da ke sauri sai ya maƙala ta kai tsaye a kan batir, ta kwana tana ci. A ce tana jan miliamfa 20 kawai. A kwana ɗaya kusan rabin amfa-awa ke nan, batirin ƙaramin babur kuwa 5 zuwa 7 ne gaba ɗaya. Ka yi tafiyar mako guda ka dawo, sai kik. Dole ta bi bayan makulli, ko ta shuɗiyar wayar da ke bayan rediyon mota wadda ke kawo wuta sai an kunna, da ɗan fiyus nata.

Ruwa da girgiza ma waya ce ta ci. Yawancin masu bustar da ke kasuwa na gilashin mota ne, an yi su don zama a inuwa, a bushe. Daminar Kumasi sau biyu take zuwa a shekara, ga masu wankin babur da injin feshi da ba su ƙyale ko'ina ba. Ruwa ya shiga kwalin, tsatsa ta ci allon. Gam ɗin bayanta kuma ba ya jure zafin rana da ramuka. Wanda ya saya ya ɗaure ta da igiyar roba, ya toshe bakin wayar da silikon.

To ina ranar mai bustar? Hanyar Ejura. Da ka bar gari tashoshi suka fara ja da baya, rediyo mai raunin kunne takan fara shuu tun da wuri, kuma a nan busta mai kyau tana iya ƙara maka 'yar tazara. Amma kada ka ɗora mata abin da ba za ta iya ba. FM kusan a miƙe take tafiya, ba ta hawa dutse ta sauka. Idan ka haye tsaunin Mampong tudu ya shiga tsakaninka da turken tasha, abin da bai iso ba babu bustar da za ta ƙirƙiro shi. Ni da ni ne, ranar Ejura sai in ɗaura 'yar gajeriyar eriyar roba mai ɗaurin zare a kariya, in kwance ta in na dawo, ko in ji tashar ta intanet a wayar hannu. Maganar AM kuwa, eriyar ɓoye iri biyun duk ba abin kirki suke yi ba.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, leƙa bayan rediyonka. Yawancin ƙananan na'urorin MP3 na babur ba su da ramin eriya, 'yar siririyar waya ce kawai ke reto. In haka taka take, mai busta ba ta da inda za ta shiga ba tare da an buɗe an yi walda ba. Sai dai a ƙara wa siririyar tsayi a fitar da ita daga cikin ƙarfe. Mai ramin eriya irin na mota ce ke karɓar duka biyun.

Sannan ka yi wannan gwaji a gaban mai wayarin, a kan tasha ɗaya. Kunna rediyo inji a kashe, ka saurara. Kunna fitila: in shuu ya taso, ƙwan LED mai arha ne. Soka cajar wayar hannu: in tashar ta dushe, cajar ce, kuma ita ce ɓarauniyar da aka fi mantawa da ita. Tayar da inji ka murɗa: in ƙas-ƙas yana bin totur, tartsatsin filogi ne. Maganinsa filogi mai rizisto, a na kamfanin NGK za ka ga harafin R cikin lambarsa, ko hular filogi mai rubutun 5K. A Suame Magazine, cibiyar makanikai da kayan gyara ta Kumasi, ba za a rasa su ba. Wanda bai kashe wannan hayaniya ba ya sa busta, ƙarfi kawai ya ƙara mata.

Wani ya sa baki da maganar oba-oba, yana tambaya ko eriya ɗaya za ta yi duka biyun. Ba za ta yi ba. Mai busta ta saurare ce kawai, in ka tura mata ƙarfin magana za ta ƙone, wayar da aka yanka don FM kuma ba tsayin waccan mitar ba ce, tana iya lalata na'urar. Aika magana ta iska kuma yana ƙarƙashin NCA, hukumar sadarwa ta Ghana, a fara da tambayar lasisi a can.