Wajen da aka buga katin bikin ƙanwata, kuma wajen da na yi aiki shekara biyu

Tunda na saka hoton katin nan mutane ke ta tambayata a ina aka buga, toh bari in amsa gaba ɗaya. Wani ƙaramin kamfanin buga takardu ne a Jekadafari, nan cikin Gombe, mutum tara ne kacal har da maigadi, kuma ni kaina na yi aikin zane a kwamfuta a wajen daga 2022 zuwa 2024, ganau ne ni ba jiyau ba.

Aikinsu kam ba magana. Kati, bana, kalanda, ɗaurin furojet na ɗaliban jami'ar jiha da ta Kashere, kala tana fita tas, in sun ce Alhamis toh Alhamis ɗin ce, in kuma inji ya tsaya su za su fara kiranka. Kuɗinsu ya ɗan ɗara na wasu shagunan, amma ban taɓa jin haushin biya ba.

Abin da kwastoma bai sani ba shi ne kyan aikin daga zaman da ake yi a ciki yake fitowa. Oga ba ya yi wa yaro tsawa a gaban mutane, ko sau ɗaya ban gani ba. Watana na uku na rubuta sunan ango ba daidai ba a kati 500, saura kwana biyu ɗaurin aure, wallahi jikina rawa yake don na riga na sallama albashin watan, sai ya kira ni sito ya miƙo min guda ɗaya ya ce "Ɗana, karanta min wannan." Na ce "Baba kuskurena ne, a yi haƙuri." Ya ce toh zauna mu gyara, muka kwana muna sake bugawa har da shi a wajen yanka, ko sisi bai cire min ba. Daga ranar ne aka sa doka, ba a buga komai sai mai aiki ya duba samfur ya sa hannu, har yau haka suke yi, ni ma da na kai na ƙanwata sai da na sa.

Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin keke daga Tumfure ya fi ƙarfin wasunmu, ba wanda ya roƙa, ƙarshen wata kawai muka ga ƙari na kuɗin mota. Abincin rana tire ɗaya ake ci, Juma'a ana rufewa a tafi masallaci, Adda mai riƙe da lissafi kuwa da ta haihu wata uku ta yi a gida albashinta na shiga.

Amma fa akwai abin da ya sa na tafi, kuma har yanzu yana damuna don ina son wajen. Babu komai a rubuce. Ba takardar ɗaukar aiki, ba ranar hutu tsayayya, lokacin fastocin zaɓen 2023 muna kaiwa ƙarfe ɗaya na dare, abin da za a ba ka sunansa ihsani, yau da yawa gobe kaɗan, ba ka da bakin tambaya tunda mutumin kirki ne kunya za ta hana ka. Da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024 mu bai shafe mu ba, don dokar ta cire wajen da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato bai karya doka ba, sai dai ni ina shirin aure lissafin ya ƙi fita. Sannan komai a kan mutum ɗaya yake, da ya tafi Umara ya bar wa ɗan wansa shagon, sati biyu kawai amma sai da yara biyu suka so ajiye aiki.

In aiki za ka kai, ka je, ka ba su kwana uku, ka guji goman ƙarshe na azumi don cunkoso. In kuma aikin kake nema, za ka koyi sana'a sosai, amma tun ranar farko ka roƙi Baba a rubuta albashi da kuɗin aikin dare a takarda. Na faɗa masa haka da na je karɓar katin, ya ce in dawo bayan biki mu zauna da Adda.