Shagon ɗinki a Tudun Wadan Zariya da ya dace da masu aikin dare

A cikin Tudun Wada, ba nisa da kasuwa, akwai wani shagon ɗinkin mata da ke jikin gida, ba shi da allon suna, ma'aikatan jinya ne ke ba juna kwatancensa a wurin aiki. Mai shagon dattijuwa ce da kowa ke kira Hajiya, tana da kekuna uku da 'yan mata masu koyon sana'a. Zariya gari ne na ɗinki, domin manyan riguna masu aska takwas da ake yi wa aikin hannu a cikin birni sun kai suna nesa, saboda haka tela ba abin nema ba ne a nan. Abin da ke da wuyar samu shi ne telar da za ta ɗinka wa mace kaya daidai da jikin da take da shi a ranar awo, ba tare da ta sa ta jin kunyar jikin ba. Saboda wannan ne nake ganin shagon ya cancanci a yi sharhi a kansa, musamman ga 'yan uwana nas-nas, ungozomomi, ma'aikatan ɗakin gwaji da masu shara da ke kwana a asibitoci daga Shika zuwa Ƙofar Gayan da Wusasa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma aikin dare ya sauya mini jiki kamar yadda ya sauya wa da yawa daga cikinmu. Ba lalaci ba ne, ba kuma kwaɗayi ba ne, ko da yake haka mutane suke ɗauka. Jikin ɗan Adam yana da agogo na cikinsa da ke tafiya da haske da duhu, wanda binciken da aka yi a kansa ya samo wa masana uku kyautar Nobel a 2017. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin melatonin domin jiki ya kwanta, mu kuwa a lokacin muke tsaye a ƙarƙashin fitila muna ba da magani muna duba drif. Ƙarancin barci yana ɗaga sinadarin da ke sa jin yunwa, ya rage wanda ke sanar da mutum ya ƙoshi, shi ya sa da ƙarfe uku na dare babu abin da rai ke so sai shayi mai sukari da burodi ko indomi, a daidai lokacin da jiki ya fi kasa sarrafa sukari. Ana so babba ya sami barcin awa bakwai ko fiye, amma wadda ta dawo gida da hantsi a watan Maris ko Afrilu, ga zafi, ga rashin wuta, ga yara, ga masu talla da baƙi, ba ta samun ko kusa da haka. Sakamakon shi ne teɓa, kaurin damtse, kumburin idon sawu saboda tsayuwa, da duhu a ƙarƙashin ido. Wasunmu kuma akasin haka ke faruwa, abinci ya fita ransu su rame.

Da wannan jikin muke zuwa wajen tela, kuma a nan ne Hajiya ta bambanta da sauran da na sani. Na saba da telolin da idan sun zagaya tef a ƙugu sai su ɗaga murya su faɗi lambar a gaban jama'a, su ƙara da cewa yadi shida ba zai isa ba, ko su ba da shawarar a matse rigar tunda ai za a rage ƙiba. Hajiya tana yin awo a bayan labule, tana rubuta lambobin a littafinta ba tare da ta furta su ba, kuma tambayoyinta a kan aiki suke. Ta tambaye ni ko ina yawan sunkuyawa, ko ina ɗaga marasa lafiya, ko cikina yana kumbura bayan kwanan aiki. Da na ce mata ta ɗan rage awon saboda ina da niyyar komawa jikina na da, sai ta ajiye biro ta ce, "Sista, wadda ta shigo shagona ita zan yi wa ɗinki. Idan kin rame ki dawo da shi, ragewa ba ta da wuya, kuma ba zan karɓi kuɗinki ba." Na ce, "Hajiya, to idan na ƙara fa?" Ta nuna mini cikin wata riga da ta gama, inda ta bar rarar yadi a kowane gefe domin a iya buɗawa.

Wannan rarar yadin ita ce babbar hikimar ɗinkinta, kuma ta fi kowace kwalliya amfani ga wadda jikinta ke hawa da sauka. Yunifom ɗin da ta yi mini yana da yalwa a hammata da kafaɗa, ina miƙa hannu in rataye ruwan drif ba tare da rigar ta ɗage ba. Wandon ta yi masa ƙubaka da mazagi, ta haɗa da roba a baya kawai, don haka ba ya cin ƙugu idan asuba ta yi ciki ya ɗaure. Aljihunan suna da zurfi kuma an ninka musu ɗinki a baki, suna ɗaukar almakashi, filasta, biro da ƙaramar tocila ba tare da sun yage ba. Ta hana ni sayen yadin da roba ta yi masa yawa, ta ce yana riƙe gumi, ta tura ni Sabon Gari in nemo mai yawan auduga, sannan ta jiƙa shi ya sha ruwa kafin ta yanka domin kada ya ɗage bayan wanki. Yunifom ɗin ya sha wanki da guga, har yanzu kalmasar ba ta warware ba.

Ɗinkinta na atamfa da leshi ya fi taɓa ni fiye da na aiki, domin a wajen biki da suna ne aka fi cin fuskar mace. A can ne za a tare ki da "kai, kin yi ƙiba" ko "me ke damun ki kika rame haka" ko "kin yi baƙi", a gaban kowa, kuma galibi daga bakin 'yan uwa. Na daɗe ina ƙin zuwa taro saboda kayana sun daina shiga ta, sababbin kuma ana ɗinka su ne don su ɓoye ni, buhu-buhu, babu tsari. Hajiya ba ta ɓoye jiki, ba ta kuma matse shi. Ta yi mini doguwar riga da ta zauna daidai a kafaɗa da ƙirji sannan ta sauka a sake, ta zaɓi inda zanen atamfar zai faɗa, hannun ya rufe damtse ba tare da ya ɗaure shi ba. Da na tsaya gaban madubinta na ga mace mai shekaruna da aikina, a cikin sutura ta mutunci, kuma ban ji ina son in sauya komai ba kafin in fita da ita.

Ina ɗaukar wannan da muhimmanci ne saboda na san abin da rashin gamsuwa da jiki ke tura mata su yi, muna ganinsu a gadon asibiti. Masu neman ƙiba suna shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda a cikinsu akwai dexamethasone, maganin da ke kumbura fuska, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi idan an daɗe ana sha. Masu neman rama suna shan shayin rage ƙiba, da yawansa kuwa zawo kawai yake sawa, ruwan jiki ne ke fita ba kitse ba. Masu neman haske suna shafa man bilicin mai hydroquinone ko mercury, wanda hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa saboda illarsa ga fata da ƙoda. A shagunan ɗinki da dama za ka tarar da irin waɗannan kayan a kan kanta ana tallata su ga mai jiran awo. A shagon Hajiya babu su, kuma na ji tana tsawata wa wata mai koyo da ta fara yi wa wata baƙuwa zancen man shafawa. Wannan ba yana nufin mai aikin dare ta yi sakaci da lafiyarta ba. A 2019 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake sanya aikin dare a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo cutar, kuma alaƙarsa da ciwon sukari da hawan jini sananniya ce. Ina auna jinina da sukarina, ina tafiya da abincin gida maimakon lemon kwalba, amma ina yin haka ne don lafiya, kuma ya fi mini sauƙi tun da na daina faɗa da madubi.

Wani abin yabo shi ne lokacinta. Tana buɗewa da wuri, wadda ta tashi daga aiki da ƙarfe takwas za ta iya biyawa a auna ta kafin ta wuce gida. Idan ta san kin kwana a aiki ba ta buga miki waya da rana, saƙo take turawa ta WhatsApp ki gani idan kin farka.

Shagon yana da nasa nakasu. Ƙarami ne ƙwarai, mutum huɗu suka shiga ya cika, kuma idan an ɗauke wuta da rana zaman jira yana da wuya. Kuɗin ɗinkinta ya ɗara na makwabtanta, ba ta kuma son ciniki, ko da yake gyaran da take yi kyauta yana rage zafin hakan. Aikin da ya fito daga hannun masu koyo bai kai nata tsafta ba, na taɓa samun zif da aka ɗora a karkace, sai da aka warware aka sake. Alkawarinta yana cika a sauran watanni, amma daga tsakiyar azumi zuwa ƙaramar Sallah, da kuma makonnin da ke gaban babbar Sallah, jinkiri yake zama dole, domin ba ta iya mayar da tsofaffin masu hulɗa da ita. Ba ta kuma yin ɗinkin yayi mai duwatsu da matsattsen ƙugu, wadda ke neman irin wannan don kamu ko dina gara ta nufi wani wuri.

Wadda za ta je ta tafi da tsohon yunifom ɗinta, domin Hajiya tana duba inda ya fara yagewa ta gane inda jiki ke buƙatar yalwa. Ta nemi a auna ta da safe bayan kwanan aiki, lokacin da ciki da ƙafafu suke a kumbure, saboda awon da aka yi a ranar hutu yakan fito a matse. Kayan Sallah kuwa a kai su tun cikin watan Sha'aban, a kuma roƙi Hajiya ta ɗora zif ɗin da hannunta.