Shagon masu rubuta tarihi na Agege: gwanaye wajen tono takardu, amma kada ka ba su shafin Wikipedia

A saman wani bene, ba nisa da gadar Pen Cinema, akwai shagon da ke karɓar aikin rubuta wa mutane tarihi a intanet. Allonsa ya jera cika fom ɗin JAMB, rajistar kamfani, buga katin biki, sai can ƙasa da jan fenti: ana buɗe shafin Wikipedia, wato kundin ilimi na intanet da kowa ke iya gyarawa. Ba zan kama sunansa ba, domin ba shi kaɗai ba ne, daga nan har Otigba a Ikeja irinsa sun yi yawa, kuma kusan waƙa ɗaya suke rerawa. Ƙungiyarmu ta 'yan gari mazauna Legas ce ta ba shi aiki. Ni ne sakatare, ni na kai kuɗi, ni na riƙa hawa benen nan, don haka abin da zan faɗa ganau ne.

Wanda muka so a rubuta wa tarihi ɗan garinmu ne, Malam muke ce masa. Akanta ne a wata hukumar gwamnati. Ya ga sunayen ma'aikatan bogi a takardar albashi, ya rubuta wa na sama da shi, aka yi gum, sai ya kai maganar gaba. Ba a jima ba aka dakatar da shi, aka ce ya fitar da takardun sirri, aka sallame shi. Daga baya kotun ma'aikata ta ce korar ba ta bisa ƙa'ida. To amma in ka buga sunansa a Google, abin da ke fara yi maka sallama shi ne kanun da ke cewa an kori jami'i saboda rashin ɗa'a. Abin da ya zaburar da mu shi ne lokacin da aka zo neman auren 'yarsa, wani baffan yaron ya zaro waya a zaure ya nuna wa mutane wannan kanun. Auren dai ya yiwu, amma Malam ya daɗe bai fito taro ba.

Mai shagon matashi ne haifaffen Agege, Hausarsa da ɗan gishirin Yarabanci, ga ladabi. Ya yanka mana Naira 150,000, muka ba da 90,000 kafin alƙalami, ya ba mu rasit mai hatimi.

Zan fara da inda suka burge ni, don haƙƙinsu ne. Akwai wata yarinya Bayarabiya da ke zama a kwamfutar kusa da taga, ita ce ƙashin bayan shagon. Ta bi duk labarin da aka taɓa bugawa a kan Malam ta jera su bisa kwanan wata. Wani rahoto da jaridar ta riga ta sauke daga shafinta, ta zaƙulo shi daga rumbun Wayback Machine mai adana tsofaffin shafukan intanet, ta buga mana shi a takarda har da ranar da aka adana shi. Hukuncin kotu da ya yi shekaru a cikin leda ƙarƙashin katifar Malam, gefensa duk ya ci ruwa, ta ɗauke shi shafi-shafi, ta daidaita shi har ana iya karanta sa hannun alƙali. Sun zauna da Malam sun naɗi muryarsa, sun mayar da hirar rubutu ba tare da sun ƙara masa gishiri ba. Wuta ta ɗauke, janareto ya tashi, aiki bai tsaya ba. Ƙarshe suka miƙo mana komai a filashi da kuma fayil mai bango. Wannan aikin ko shi kaɗai ya ci 50,000 halal.

Matsalar ta fara ne daga rubutun kansa. Layin farko ya ce Malam fitaccen gwarzo ne, jarumin yaƙi da cin hanci, wanda ya sadaukar da rayuwarsa don talaka. Na karanta wa 'yan ƙungiya a taron wata, aka yi ta kabbara. Daga farko har ƙarshe kamar kirarin maroƙi ne a gidan biki, kuma mu masu biki dama shi muke son ji. Sai dai mai shagon shi ne ya ce ya san hanya, shi ya kamata ya gaya mana cewa gidan da zai kai wannan rubutu ba a shiga da kirari.

Wikipedia tana da sharuɗɗa a rubuce, kowa na iya karantawa kyauta. Ba a ɗaukar ɓangare. Duk maganar da za a iya musantawa sai an nuna inda aka buga ta, a jarida ko littafi mai edita, wanda ba shi da alaƙa da mai tarihin. In mutumin yana raye, ana ƙara tsanantawa. Wannan tsanani ya samo asali ne daga abin da ya faru a 2005, lokacin da wani ya rubuta ƙarya a shafin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler yana danganta shi da kisan shugaban Amurka John Kennedy da ƙaninsa Robert, ƙaryar ta kwana watanni ba wanda ya lura. Sannan tun watan Yunin 2014 duk wanda aka biya don ya yi rubutu a can dole ya bayyana wanda ya biya shi. Mai shagonmu bai bayyana ba, bai ma ambata mana akwai wannan sharaɗi ba.

Shafin bai daɗe da hawa ba aka liƙa masa akwatunan gargaɗi a ka: ana tababar adalcinsa, yana kama da talla, da alamar an biya marubucin. Editoci suka bi shi da almakashi. Gwarzo ya tafi, jarumi ya tafi. Labarin yarintarsa da karatun allo ya tafi, don madogararsa hirar da aka naɗa a shagon ce. Rubutun da 'yan uwa suka yi a Facebook ya tafi. Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne hukuncin kotun. Ga shi a hannunmu da hatimi, amma ƙa'idarsu ta ce ba a jingina magana a kan mai rai da takardar kotu ita kaɗai, sai in wata jarida mai zaman kanta ta ba da labarinta.

Na hau benen da zafina. Ya tashi ya ba ni kujerarsa.

“Alhaji, kwantar da hankalinka. 'Yan hassada ne, ni na san su. Yau da daddare zan mayar da komai.”

“Ɗana, ka ce min ka san dokar wurin nan. Ka gaya musu an biya ka?”

“Haba Alhaji, in na faɗa ai sai su goge. Abin da ake yi, ku riƙa ba da 20,000 duk wata, kuɗin gadi, ni zan riƙa tsare muku shi.”

Kuɗin gadin nan tsohuwar sana'a ce. A 2015 masu kula da Wikipedia ta Turanci sun toshe asusu 381 na wani gungu da aka laƙaba wa Orangemoody, waɗanda ke karɓar kuɗi su ɗora shafi, sannan su nemi na wata-wata wai don su kare shi daga gogewa. Ba wanda ke da ikon tsare shafi a can, ko mai tarihin kansa. Ban biya ba. Shi kuma ya je ya yi ta mayar da rubutunsa ana cirewa, har ya haura sau uku cikin awa 24, wanda shi ma haramun ne a wurin. Aka toshe shi. Ya buɗe sabon asusu da wani suna, aka gane salon rubutunsa, aka haɗa da shi.

Ana cikin haka wani mai gyara da ba shi da suna ya bayyana, ya dasa maganar kora saboda rashin ɗa'a a layin farko, kuma ya zo da madogara har uku. Da na duba, duk ukun sanarwa ɗaya ce ta hukumar da ta kori Malam, jaridu suka kwafe ta kalma da kalma, har da kuskuren rubutun da ke sakin layi na biyu. Hukuncin da ya wanke shi kuwa wata ƙaramar jaridar intanet ce kaɗai ta ɗauka, a layi biyar. A nan ne na fahimci abin da mai shagon bai taɓa zama ya yi tunani a kai ba. Mai kwarmato ba ya zuwa da labari ɗaya. Ranar da ya buɗe baki, ranar ake buɗe masa nasa fayil, kuma wanda ya tona wa asiri shi ke da ofishin yaɗa labarai da kuɗin mota na 'yan jarida.

Manya ma haka aka yi musu. Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki ya ce akwai dala biliyan 20 na mai da ba su shiga asusun gwamnati ba, a watan Fabrairun 2014 aka dakatar da shi bisa zargin sakaci da kuɗi. Abdulmumin Jibrin ya yi maganar cushe a kasafin kuɗi a 2016, majalisa ta dakatar da shi na kwanakin zama 180. Edward Snowden, tun da ya fitar da takardun NSA, hukumar leƙen asiri ta Amurka, a 2013, wasu na ce masa mai kwarmato, wasu maci amanar ƙasa. Bambancin shi ne waɗannan an yi rubutu a kansu tuli, ta kowane ɓangare, mai son adalci zai sami abin aunawa. Akantan da ba kowa ya sani ba, labari huɗu ne a kansa duk duniya, uku na maƙiyinsa. In ka ce za ka auna bisa abin da aka buga, sikelin ya riga ya karkata tun kafin ka ɗora hannu. Ina ganin wannan rauni ne na gaske a tsarin, amma maganinsa ba kirari ba ne, kirarin ma shi ya sa aka daina sauraronmu.

Wata edita 'yar sa-kai, da alama 'yar Najeriya ce, ita ta shigo ta raba gardamar. Ta ce sanarwa ɗaya da aka kwafa sau uku madogara ɗaya ce, kuma ta hukumar da ke zargin Malam ce. Ta sauke maganar daga layin farko, ta rubuta cewa hukumar ce ta faɗa, ta sa rahoton hukuncin a gefensa. Sannan ta cire wani abu da ni kaina sai a lokacin na lura da nauyinsa. Yaran shagon, don tarihi ya cika, sun rubuta unguwar da Malam yake zaune, inda matarsa ke aiki, da makarantar da ƙananan 'ya'yansa ke zuwa. Mutumin da ya toshe wa wasu hanyar cin miliyoyi! Tsarin kwarmato da Ma'aikatar Kuɗi ta fito da shi a Disambar 2016, zamanin Kemi Adeosun, ya yi alkawarin ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato, kuma ba a manta da dala miliyan 43 da EFCC ta samu a wani gida a Ikoyi a Afrilun 2017 bayan wani ya kwarmata ba. Amma tsari ne na Ma'aikatar Kuɗi, ba dokar majalisa ba, ba kuma zai tsaya maka a bakin ƙofa da dare ba. Wannan ganganci shi ne laifin da ban yafe wa shagon ba. Da na nuna wa mai shagon, cewa ya yi ai kowa haka yake so a sa masa.

Daga ƙarshe aka kai shafin zauren shawarar gogewa, inda ake barin magana a buɗe kwana bakwai. Hujjar da ta yi nasara ita ce mutumin da aka sani da abu ɗaya tak, kuma ba mai neman suna ba, ba a ware masa shafin tarihi. Aka goge. Da na kai wa Malam labari ina ta kame-kame, sai ya ce, “Sakatare, wallahi barcina ya fi daɗi haka.”

Wanda ke da tsofaffin takardu da yake so a tono a adana, ko hirar wani dattijo da yake so a naɗa kafin ƙasa ta rufe ido, ya je shagon nan, ya nemi yarinyar kusa da taga, ya yi ciniki a kan wannan kaɗai. Wanda aka ce za a buɗe masa shafi, ya tambayi abu biyu tun kafin ya taɓa aljihu: za ka bayyana cewa an biya ka, kuma jaridu nawa masu zaman kansu suka yi rubutu mai tsawo a kan mutumin? In ya fara sosa ƙeya, ka sauko.

Fayil ɗin yanzu yana hannun lauyan Malam, wanda ya rubuta wa jaridun nan uku yana neman su buga labarin hukuncin kamar yadda suka buga na korar. Ɗaya ta amsa. Kuɗinmu 90,000 ba su dawo ba, mai shagon ya ce aiki ya riga ya yi. Cikon 60,000 kuma har yanzu yana turo min saƙo a WhatsApp duk ranar Juma'a, da addu'a a sama, lambar asusu a ƙasa. Ƙungiya ta zauna ta yanke cewa ba za a ba shi ko sisi ba, amma a cire 25,000 daga asusu a kai wa yarinyar hannu da hannu.