Randa, kula ko firiza: wanne ya dace da gidanki a bazara?

Daga tsakiyar Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40 da rana, dare ma ba ya kawo wani sauƙi. A irin wannan lokaci abubuwan da ke faranta ran mutanen gida ba su da yawa: ruwa mai sanyi idan yara sun taso daga makaranta, fura da nono bayan la'asar, zoɓon da ya ji citta da kanumfari, da miyar jiya da ta kwana ba ta yi tsami ba. Dukkansu sanyi suke nema. Shi ya sa da zarar hunturu ya juya baya za ki ji uwargida ta fara yi wa maigida zancen firij. Kafin a kai ga shago, 'yar'uwa, ki fara lissafa awa nawa wuta ke zama a unguwarku, sannan ki tantance abin da kike son sanyayawa, ruwan sha ne kawai ko har da nama da kifi. Waɗannan biyun ne za su zaɓa miki.

Randa ce farko a wurina, ba don arha kaɗai ba. Jikinta yana tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska ta busar da shi, busarwar nan ita ke janye zafin ruwan da ke ciki. Saboda haka ta fi aiki a Maris da Afrilu, lokacin da iskarmu ta bushe ƙayau. Idan hadari ya fara haɗuwa a Mayu, iska ta yi nauyi da laima, za ki ga sanyinta ya ragu, kuma ba laifin maginiya ba ne. Wajen saye ki ƙwanƙwasa ta da yatsa. Wadda ta gasu sosai amonta garau yake fita, mai tsaga kuwa sai ki ji ya dushe. Ki guji wadda aka shafe da fenti ko siminti don kwalliya, domin an toshe ƙofofin da take numfashi da su. A girke ta a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan jiƙaƙƙen yashi, a rufe da faifai. Wanda bai taɓa shan ruwan randar da aka turara aka jefa wa saiwar jema ba, akwai daɗin da ya wuce shi, kuma babu firijin da zai ba shi wannan ƙamshin.

Inda randa ke da rauni shi ne tsafta. Moɗa ɗaya kowa ke tsomawa, yaro ya ajiye ta a ƙasa ya sake mayarwa, nan ciwon ciki ke shigowa gida. A samu moɗa mai dogon hannu ta ɗiba kawai, kowa ya sha da kofinsa, a kuma riƙa wanke randar duk bayan kwana biyu ko uku. In kin samu mai famfo a gindi, ta cancanci ƙarin kuɗinta.

Akwai ƙanwar randa da mutane da yawa suka manta, wato tukunya cikin tukunya. Ana sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, shi ya yaɗa ta a karkarar Arewa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tumatir da tattasai da gauta da alayyafo, waɗanda rana ke kashewa cikin kwana biyu ko uku, sukan daɗe a cikinta sosai. Amma ba ta nama ba ce, ba ta kifi ba, ba kuma ta albasa ba. Albasar Aliero bushewa da iska take so, laima ruɓar da ita take yi.

Sai kula, wato akwatin roba mai riƙe sanyin ƙanƙara. Ga gidan da wuta ba ta da tabbas, kula mai kyau da ƙanƙarar saye sun fi firijin da ke tsaye babu wuta. Kada launi ko girma su ɗauke miki hankali. Ki duba kaurin bangonta, ki danna murfin ki ji ko yana kamawa gam, ki ga ko akwai roba a bakinsa, sannan in babba ce ki nemi mai ɗan bututun zubar da ruwa a ƙasa. Mai siririn bango kafin azahar ƙanƙarar ta zama ruwa. Babban dunƙulen ƙanƙara ɗaya ya fi ƙanana da yawa daɗewa. A ajiye kular a ɗaki, a ɗaga ta daga simintin da ya sha rana, a kuma hana yara buɗe ta kowane minti. Abu ɗaya nake roƙo: ƙanƙarar da ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, kada ki fasa ta cikin kunun zaƙi ko zoɓo. Ki zuba abin shan a gora, ki jera gorunan a gefenta. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Kunun aya kuwa, ko a kula ne, a shanye shi ranar da aka yi shi.

Matsalar kula ita ce kuɗin yau da gobe. Ƙanƙara tana tsada daidai lokacin da aka fi bukatarta, balle in azumi ya faɗo cikin zafi kamar na 2024. Ki haɗa kuɗin wata uku ki gani, daga nan za ki san ko lokacin sayen na'ura ya yi.

In ya yi, ni firiza ta kwance nake ba da shawara, ba firij na tsaye ba. Sanyi ƙasa yake sauka. Duk sanda aka buɗe ƙofar na tsaye sai ya zubo waje, ita kuwa ta kwance murfinta a sama yake, sanyin na zaune a ciki. Idan an cika ta da gorunan ruwa suka daskare, tana iya riƙe sanyi yini guda ko fiye bayan an ɗauke wuta, matuƙar ba a yawan buɗewa. Gidan da ke sayen kifi da yawa daga Yauri ko Argungu, ko mai son sana'ar ƙanƙara da zoɓon ƙullawa, ita ce tasa. Na tsaye ya fi daɗin shirya kwanuka da ragowar abinci, amma sai inda wuta ke daɗewa. Ko wanne kika saya, naman da ya narke har ya yi ɗumi ba a mayar da shi ya sake daskarewa, dafa shi ake yi nan take in bai canza ba.

Ga wani abu da masu shago ba su cika faɗa ba. A jikin kowane firij akwai takarda, a baya ko a ciki, mai nuna zafin da aka ƙera shi ya jure. Harafin N yana nufin har digiri 32, ST har 38, T kuma har 43. Mu nan T ne namu. Yawancin na hannu da ake kawowa daga Turai don ƙasashen sanyi aka yi su, shi ya sa suke aiki lafiya a Disamba, Afrilu na zuwa injin ya yi ta gurnani ba hutawa, ruwa kuma ya ƙi daskarewa. Ko Haier Thermocool ne, ko Hisense, ko LG, ko Scanfrost, a duba harafin kafin a duba suna. A tambayi takardar garanti, a kuma tambaya ko akwai mai gyaransa a gari. A haɗa da sitabilaiza cikin lissafi tun farko, domin wuta mai rauni ita ta fi ƙona inji. Masu niyyar dogara da ƙaramin janareta su sani cewa firiza tana jan wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tashi, ga shi tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kunna janareta don sanyaya ruwa ya zama asara.

Firiza mai sola ita ce ta fi kowacce tsada a ranar saye, ita ce kuma ba ta sake neman kuɗin mai. Rana dai Allah ya hore mana ita. Wadda aka ƙera don sola tun asali, mai aiki da batir na bolt 12 ko 24 kai tsaye, ta fi sauƙin sha'ani a kan ta gama-gari da aka haɗa da inbata. Maigida ya nemi mai haɗawa ya rubuta masa ƙarfin farantin sola da na batir a takarda, kada a tsaya kan "zai ɗauka, Alhaji". Batir ne ke fara mutuwa, zafi kuma na rage masa kwana, don haka a nema masa wuri mai iska. Farantin kuma a riƙa share masa ƙura, in ba haka ba ƙarfinsa raguwa yake yi.

Ranar da aka kawo firizar gida a Keke Napep ko a bayan akori-kura, a bar ta a kan ƙafafunta awa huɗu ko fiye kafin a kunna, man injin ya koma mazauninsa. A kuma bar tazarar taƙi guda tsakaninta da bango, nesa da murhu da tagar da rana ke shigowa.