Faifan kiɗan fadar Vienna da na saya a Sabon Gari

Batirin rediyo na je nema a Sabon Gari ranar Asabar, sai idona ya faɗa kan wani ɗan shago mai sayar da faya-fayan CD na gwanjo. Yaron shagon ya ce, "Baba, wannan na Turawa ne, kiɗa zalla, babu waƙa. Tun bara yake nan, ko tayawa ba a yi ba." Na biya abin da ya sa, na taho da shi gida Tudun Wada.

Kiɗan Johann Strauss ƙarami ne, mutumin Vienna ta ƙasar Ostiriya. Wanda ya kama ni a ciki shi ne Hofball-Quadrille, aikinsa na 116, na shekarar 1852, zamanin Sarki Franz Joseph. Sunan ma ya faɗi komai, kiɗa ne na dinar rawa a fada. Rawar daga Faransa ta zo, maza huɗu da mata huɗu ke tsayawa kusurwa huɗu suna fuskantar juna, kuma a Vienna kashi shida ake yi mata.

Wannan kashi shidan ne ya ɗaure mini kai da farko. Masu goge za su ɗauko wata murya mai daɗi, kafin ka gama gyara zama sun ajiye ta, an ɗan yi tsit, an shiga wata. Sai a saurare na uku na gane cewa ƙafa aka yi wa kiɗan: kowane kashi da takunsa, makaɗi ba shi da ikon ya ja shi yadda ransa ke so. Ni da na tashi ina jin algaita da tambari a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan Sallah, abin bai zame mini baƙo ba. Makaɗin fada ko'ina yake, aikinsa ya san wanda ke tafe da irin takun da ya dace da shi. Shi ma Strauss sai da ya jira har 1863 kafin a ba shi sarautar shugaban makaɗan dinar fada, muƙamin da mahaifinsa ya riƙe.

An ɗauki sautin da kyau ƙwarai. Ko a 'yar rediyota sarewa na fita daban, bigila daban, ba sa danne juna. A kashi na ƙarshe, da ƙaramar ganga ta shigo, jikata Ummi ta ajiye tsintsiya ta fara taka rawa a tsakar gida, tana ƙirga takunta da ƙarfi.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai. Akwai ƙarzuwa a bayan faifan, kiɗa biyu na ƙarshe sai tsalle suke yi, kuma yaron bai gaya mini ba. Na koma ranar Litinin, ya ba ni haƙuri, ya goge da ƙyalle, ɗaya ya gyaru. Ya ce akwai wani kwali a ƙarƙashin tebur da bai buɗe ba tukuna, na ce ya ajiye mini duk wanda ya ga sunan Strauss a kai, amma wannan karon a shagon za mu saurara kafin in biya.