Daga Ataba zuwa Kasuwar Dole: abin da na gani a Alƙahira

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya a gida. Ka tambaye ni me muke ci a Masar, kuma ko kuɗin da ke hannuna na isa. Bari in ba ka amsa ta hanyar unguwar da na fi zuwa, wato Ataba, a tsakiyar Alƙahira.

Ka ɗauki Kasuwar Dole ta garinmu Damagaram ranar Alhamis, ka ninka ta sau da yawa, ka cusa ta tsakanin dogayen gine-gine, sannan ka ce kullum haka take har tsakar dare. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ke kai ni. Tun 1987 suke da shi, kuma akwai taragon da aka ware wa mata. Da ka hauro daga tasha sai kaya a shimfiɗe ko'ina: takalma, riguna, cajar waya, kwanoni. Titin Muski ya tashi daga nan har zuwa wajen masallacin Husaini da Azhar. Tafiyar ba ta da nisa, amma cunkoso kan sa ta ci maka awa guda.

Maganar ciki ita ce ta fi taɓa ni. Tun da asuba masu amalanke ke fitowa da wata babbar tukunya mai ƙaramin baki, cike da waken da ya kwana yana dahuwa. Ful suke ce masa. A zuba mai, gishiri da lemun tsami, ka ci a tsaye da gurasa, kafaɗa da kafaɗa da lebura da ma'aikacin ofis. Kusa da shi ga mai ta'amiya, wadda ƙosai ce sak, sai dai cikinta kore ne saboda ganyen da suke niƙawa tare da waken. Da rana kuma koshari: shinkafa, makaroni da adas, wani ɗan ƙaramin wake, a kwano ɗaya, a sa miyar tumatir da soyayyar albasa a kai. Ba nama ko ƙiris, amma yana riƙe ciki har dare, kuma kafin ka gama zama an ajiye maka shi.

Ginshiƙin duka ita ce gurasa. Sunanta ma a bakinsu aish, wato rayuwa. Gwamnati ke tallafa mata. Shekara fiye da 30 ana sayar da ɗaya ƙirshi 5, sai a watan Yunin 2024 aka mai da ita ƙirshi 20, alhali ƙirshi 100 ne fam guda na Masar. Wannan farashi na 'yan ƙasa ne masu katin tallafi. Mu baƙi ta kasuwa muke saye, ta fi tsada, amma ba ta fi ƙarfinmu ba. Duk sanda na ga yaro a kan keke da faifan gurasa a ka yana ratsa motoci, sai in tuna yadda tiyar hatsi ke tashi a wurinmu da zarar an shiga bazara, ba mai tare ta.

Sai ruwa, Yaya. Wannan kam yana sa ni ƙwalla. A bakin shaguna da masallatai akwai na'urar sanyaya ruwa ko tuluna da kofi a ɗaure, sadaka ce, kowa ya sha ya wuce. Ni da na taso ina bin layin jarka a Birni, ina jiran pampo ya kawo da tsakar dare, har yau ban saba ba. Su kogin Nilu ne a ƙofarsu, mu kuwa dutse ne ƙarƙashin garinmu, na sani. Duk da haka zuciyata ba ta daina ciwo.

Akwai inda muka fi su nesa ba kusa ba. Nama a nan na mai hali ne. Mai araha daskararre ne daga Indiya ko Barazil, ba shi da ɗanɗanon ragon da aka yanka da safe. Balangun ɗari biyar da kake saye da yamma a Zango, da yaji da albasa a takarda, a nan sai mutum ya yi shiri. Fura kuwa babu. Na nemi gero na gaji, ƙarshe a wurin mai sayar da abincin tsuntsaye na same shi.

Ciniki ma da bambanci. A gida mai kaya ya san gidanku, yana jin kunyar ya cuce ka, har gyara yake yi. A nan da ka buɗe baki aka ji Larabcinka na baƙo ne, farashi ya canza. Wani ya sayar mini da takalmi ninki biyu na kuɗinsa, washegari na koma ban tarar da ko shimfiɗarsa ba, don 'yan hukuma sun kore su daga gefen titin. Yanzu sai in tsaya in ji abin da ɗan gari ya biya kafin in taya.

Kuɗin na isa, alhamdu lillahi, ka kwantar da hankalin Inna. Idan an samu mai tahowa, a aiko mini da kilishi, garin kuka, daddawa da gero ko tiya ɗaya ce. A gaida su Baba da yara.