Gargaɗi Kan Masu Sayar Da Haɗin Gyaran Fata Marar Suna A Gombe

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwana mata na cikin garin Gombe da kewaye, har ma da maza, tunda su ma yanzu sun shiga sahun masu saye, game da matan da ke tallata man shafawa a WhatsApp da TikTok da Facebook, suna cewa haɗinsu yana raba mutum da bushewar fata da saɓar fuska da wuya cikin kwana uku. Ba zan kama sunan kowa ba, domin ba mutum ɗaya ce ke wannan sana'a ba, kuma wadda ta cuci ƙanwata ta riga ta sauya suna. Abin da nake so shi ne a gane yadda aka ɗana tarkon, saboda saurin sauƙin da ake yi mana talla da shi, shi ne ainihin abin tsoron.

Ƙanwata ta daɗe tana fama da bushewar fata a gefen hanci da tsakanin gira da bayan kunne har zuwa wuya. Da damina abin yakan lafa, amma da zarar hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai wurin ya yi fari-fari yana saɓa yana ƙaiƙayi, idan ta cire baƙin hijabi sai ka ga wuyan hijabin kamar an barbaɗa masa gari. Budurwa ce, abin yana ci mata tuwo a ƙwarya, har ta daina zuwa biki. A wannan hali wata ƙawarta ta tura mata lambar wata mata mai haɗi, wadda ta ce da man kaɗanya da zuma da kurkum da man zaitun kawai take yi, babu sinadari ko ɗaya. Ta tura naira 12,000 ta asusun banki, ɗan aike ya kawo 'yar farar roba mai murfi, ba suna, ba jerin abin da ke ciki, ba ranar ƙarewar aiki, ba lambar NAFDAC, sai ƙamshi mai hawa kai.

Dole in faɗi gaskiya, man ya yi aiki. Kwana na uku ƙaiƙayi ya tsaya, kwana na biyar saɓa ta ɓace, fuska ta yi sumul har da ɗan haske, ni kaina sai da na ce mata: «Kai, wannan karon kin dace.» Ta ɗauki hoto ta tura wa matar a matsayin shaida. Robar ta ƙare bayan kusan wata guda, kuma ba a yi mako ba fuskar ta yi ja, ta riƙa zafi kamar an shafa barkono, ƙananan ƙuraje suka feso a kewayen baki, saɓar ta dawo fiye da yadda take a da. Da ta kira, sai matar ta ce: «Hajiyata, kada ki damu, dattin ciki ne yake fita, sai kin hau mataki na biyu.» Mataki na biyun naira 18,000 ne. Haka aka yi ta yi har wata biyar, duk lokacin da man ya ƙare fuska ta rikice, duk lokacin da fuska ta rikice a tura kuɗi.

Wata rana da hantsi ina taya ta kitso na lura da wuyanta. Fatar ta yi siriri tana sheƙi kamar leda, ana hango ƙananan jijiyoyin jini jajaye ta ciki, ga wasu layuka masu kama da nankarwar ciki sun fara fitowa a gindin wuya, ga gashi ya fara tsirowa a gefen kumatu inda ba shi a da. Na ce mata lallai gobe sai asibiti, ta ce: «Yaya, idan na daina shafawa ba zan iya fita ba.» Wannan magana ta fi komai tayar mini da hankali.

Likitan fata da ya duba ta bai ɓata lokaci ba, ya ce alamun shafa sitiroyid mai ƙarfi ne na tsawon lokaci. Ni kuma na tabbatar da haka da idona ranar da na je gidan matar neman bayani: a bayan ƙofar ɗakin da take haɗin akwai bokiti cike da matsattsun kwalayen man kanti, an yanke gindinsu da almakashi don a kwashe har na ƙarshe, kuma a jikin wanda na ɗauka an rubuta kilobetasol. Wato tana matse maganin asibiti ne a cikin man kaɗanya, ta zuba turare, ta ce na gargajiya ne.

Kilobetasol da betametason suna cikin magungunan sitiroyid masu ƙarfi da ake shafawa a fata. Magani ne na gaske, likitoci suna rubuta shi ga wasu cututtuka masu taurin kai, na ɗan gajeren lokaci, galibi a wuraren da fata take da kauri, kuma suna guje wa sa shi a fuska, domin fatar fuska da ta wuya sirara ce, tana zuƙe magani da yawa. Aikinsa shi ne danne kumburi da ƙaiƙayi da matse jijiyoyin jini, shi ya sa ja yake ɓacewa, fata ta yi haske cikin kwanaki, alhali abin da ya haddasa ciwon yana nan bai je ko'ina ba. Idan aka ɗauki makonni ana shafawa fata takan saba da shi, ranar da aka daina kuma sai jijiyoyin su buɗe, ja da zafi su dawo da ƙarfi, mai shafawa ta ɗauka cewa man ne kaɗai maganinta. A kan wannan mai haɗin take cin kasuwarta. Nankarwar da sitiroyid yake haifarwa ba ta cika gogewa ba, kuma idan ana kai shi kusa da ido yana iya jawo hawan jinin ido ko yanar ido. Idan kuma asalin matsalar makero ce ko ƙyasbi, waɗanda naman gwari ke kawowa, sitiroyid yana ɓoye kamanninsu ne yana ba su damar yaɗuwa.

Wasu masu haɗin ba su tsaya nan ba, suna ƙara haidirokinon ko zaiba, wadda ake kira makyuri, don hasken ya fi fitowa. Na farkon idan aka daɗe a kansa yakan bar baƙin tabo mai kama da ƙuna a kumatu, ta biyun kuma tana shiga jini ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, tana iya kaiwa ga ɗan da ke ciki ko wanda ake shayarwa. Ba banza ba hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan a 2023. Abin takaicin a wurina shi ne, da yawa daga cikin waɗanda ake cuta ba haske suka je nema ba, maganin saɓa suka je nema, aka haɗa musu da bilicin ba da saninsu ba.

Ciwon ƙanwata, ashe, ɗan'uwan amosanin ka ne da yake sauka a gira da gefen hanci da bayan kunne, kuma maganinsa man ketokonazol ne wanda kuɗinsa bai kai na roba ɗaya ta haɗin ba. Ba duk saɓa ce iri ɗaya ba: akwai ekzima, akwai soriyasis, akwai wadda turare ko humra ko sarƙar ƙarfe ke tayarwa a wuya, akwai kuma bushewar hunturu zalla, saboda haka duk wadda ta ce roba ɗaya tana maganin su duka, ba tare da ta ga fatarki ba, ƙarya take yi. Likitan bai sa ƙanwata ta daina sitiroyid ɗin lokaci guda ba, ya mayar da ita kan magani mai sauƙi yana ragewa a hankali, don haka wadda ta riga ta daɗe tana shafa irin wannan haɗi kada ta yi gaban kanta, ta ɗauki robar ta tafi da ita Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jiha, ta nuna wa likita ba tare da jin kunya ba. Likitan ya kuma hana ƙanwata wanka da ruwa mai zafi sosai, da dirza fuska da soso, da sabulu mai ƙarfi, ya ce ta riƙa shafa bazilin ko man kaɗanya zalla a wuraren da suka bushe tun jiki bai gama tsanewa ba, ta maimaita bayan alwala idan iska ta yi yawa.

Ina roƙon kowa, kada a sayi man da ba a rubuta abin da ke cikinsa da sunan wanda ya yi shi ba, ko da ƙawa ce ko 'yar'uwa ta kawo, domin ita ma wataƙila tana cikin makonnin farko ne, lokacin da fuska take kyau. Wadda aka cuta ta adana robar da shaidar tura kuɗi da saƙonnin da suka yi, ta kai ƙara ofishin NAFDAC na jiha, mu ma abin da muka yi ke nan. Ƙanwata tana samun sauƙi, alhamdu lillahi, jan ya lafa, ƙurajen sun tafi, amma layukan wuyanta suna nan. Matar kuwa ta toshe lambobinmu, ta buɗe sabon shafi da sabon suna, kuma a makon jiya wata maƙwabciyarmu ta nuna mini tallar a wayarta: hoton ƙanwata ne na kwana na biyar, an rufe idanun, an rubuta a ƙasa cewa ta warke har abada.